Keken da Ba a Cire wa Leda Ba

Akwai wani mutum da ke zaune a cikin gari, mahaifiyarsa kuma tana ƙauye bayan duwatsu. Duk sati yakan kai mata maganin hawan jini a ƙasa, har gwiwarsa ta fara ƙara. Sai ya sayar da gyaɗarsa ta bana, ya ce zai sayi keken da zai iya kwalta, ya kuma iya gangaren dutse. In ya yi kuskure, babu wata gyaɗar sai baɗi.

Matarsa ta ce za ta raka shi kasuwa. Wannan ya ɓata masa rai, gama yana ganin duk unguwar babu wanda ya kai shi sanin keke, ko da yake bai taɓa mallakar ko ɗaya ba.

A rumfar mai kekuna ya tarar da biyu da kuɗinsa za su iya. Ɗaya gwanjo ne mai kaurin taya, fentinsa duk ya kwaile. Ɗayan ja ne, yana walƙiya, an naɗe ƙarfensa da leda. Kun dai san halinmu: mun sayi sabon abu, ba ma cire ledar sai ta gaji ta faɗi da kanta, don maƙwabta su shaida. Tuni mutumin ya hango kansa ranar Lahadi yana jingine shi a ƙofar coci.

Matar ta ce, "Baban Rifkatu, a buɗe ledar nan mu gani."

Mai kekuna ya ce, "Madam, wanda ya yage ya saya."

Mutumin ya ce, "Kin gani ko? A gaban mutane kike so ki nuna ban san keke ba. To, ni zan yage, don ki ji kunya."

Ya sa farce ya yage wajen wuyan keken. Ga tsaga nan ta kusa zagaye ƙarfen, an cusa mata sabulu, an bi da jan fenti. Mai kekuna ya shiga neman wani abu a ƙarƙashin benci.

Mutumin ya ce, "Ai tun daga nesa na gani. Gwada ki nake yi."

"Sannu da ƙoƙari, Maigida," in ji ta.

Suka ɗauki gwanjon. Ranar Asabar, da ya kai babban gangaren nan mai kwazazzabo a gefe, keken ya yi ta dukan duwatsu bai ko girgiza ba. Da ya sauka lafiya, ya tuna da wuyan jan keken. Ya zauna a kan dutse ya yi godiya ga Ubangiji, sa'an nan ya kai wa tsohuwa maganinta.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, yawancinmu da leda muke zuwa sujada. Mun sha guga, mun iya waƙa, tsagar kuwa tana ciki, mun cusa mata sabulu. A kwalta ba za a gane ba, amma kowa yana da gangaren da ke jiransa. Saboda haka in Allah ya aiko mai cewa a buɗe a gani, kada ku yi fushi da shi, ko da a gaban mutane ya faɗa, ko da a gidanku yake kwana. Kunyar kasuwa takan wuce kafin a isa gida. Daga ƙasan kwazazzabo kuwa, ɗauko mutum ake yi.