Ranar da Aka Je Dubiyar Kurege

Wata rana, Laraba ce ta kasuwa, da misalin ƙarfe goma na safe, dawa ta nuna amma ba a fara yanka ta ba, sai Kurege ya fito da tebur ƙofar shagonsa a garin Tudun Ɗorawa, ya jera kwalabe a kai.

Tudun Ɗorawa ƙaramin gari ne na dabbobi manoma. Kurege ke da shago ɗaya tilo a garin, yana sayar da gishiri da ashana da sabulu da hodar kashe ƙwarin hatsi. Yana da zaƙin baki, amma ba ya ƙoshi da abin duniya. A gefen shagon Bushiya ke suyar ƙosai. Ita ba ta iya ɓoye magana ba, harshenta ya fi ƙayar bayanta tsini. Can gindin tsamiya kuma Jaki ke ajiye amalankensa. Shi mai haƙuri ne, ba ya magana sai ta kama.

Garin ba shi da ɗakin shan magani. Sai an tsallake fadama an hau tudu, tafiya mai nisa, kafin a kai wurin Malama Belbela mai farar riga, wadda ke duba marasa lafiya. Saboda haka tun zamanin mahaifin Jaki aka yi wata yarjejeniya. Duk wanda ciwo ya kayar, Jaki zai ɗora shi a amalanke ya kai shi, ko da rani ko da damina, ba a biyansa komai. In kaka ta yi, kowane gida ya kai masa damin dawa ɗaya. Da wannan yake ci har shekara ta zagayo. Ana ce da shi damin Jaki.

To, a wannan safiya Kurege ya hau kan buhun gishiri, ya ɗaga kwalba sama.

"Jama'a, ku matso! Wahala ta ƙare! Ga Sha-ka-miƙe ya iso! Zazzaɓi, tari, shawara, basir, ciwon baya, harbin kunama, mantuwa, duk kurɓi ɗaya ne!"

Bushiya ta juya ƙosanta a kasko, ta ce, "Malam Kurege, jiya gishiri kake aunawa, yau ka zama likita? A wace makaranta ka kwana?"

"Gwaggo, ki ji da manki kada ya ƙone. Wannan gadon kakana ne."

"Kakanka da na sani, wanda ciwon haƙori ya hana shi cin gyaɗa har ya mutu?"

Aka fashe da dariya. Kurege bai ji kunya ba. Ya ce, "Ai bayan ya mutu aka gano inda ya ɓoye sirrin."

Bushiya ta ce, "To, maganin guba fa? Yana yi?"

"Guba? Ita ce ƙaramar aikinsa! Ko mutum ya fara ganin kakanninsa, a ɗura masa wannan, zai miƙe ya nemi tuwo."

Abin da ke cikin kwalaben kuwa, ruwan zoɓo ne da jar kanwa da ɗan ɓawon maɗaci. Kurege ya san mutanen garin sun yarda cewa magani in ba ya ɗaci ba magani ba ne, shi ya sa bai yi rowar maɗaci ba.

Bunsuru ya tambayi kuɗinsa. Kurege ya rage murya kamar mai tausayi.

"Ni ba na son kuɗinku. Damin nan da kuke zuba wa Jaki kowace kaka, don ya yi ta girgiza ku a amalanke har ciwo ya ƙaru, shi za ku kawo mini. Dami ɗaya, kwalba ɗaya. Wanda ke da asibiti a ƙarƙashin gadonsa, me zai kai shi hawa tudu?"

Jaki yana jin su daga gindin tsamiya. Ya kaɗa kunne kawai.

Bunsuru ne ya fara saye, don yana fama da mura. Ya sha, ya yamutsa fuska, bayan 'yan kwanaki mura ta tafi, kamar yadda mura takan tafi ko an sha magani ko ba a sha ba. Sai ya bi gari gida gida yana cewa, "Na gwada da kaina! Aiki yake kamar yankan wuƙa!"

Da aka yi girbi, dammuna suka nufi bayan shagon Kurege. Waɗanda ba su da dawa suka kai gyaɗa. Ban da Bushiya da wasu tsofaffi ƙalilan, ba wanda ya tuna da gindin tsamiya.

A cikin masu sayen maganin akwai tsohon Toro, mijin Agwagwa, wanda tari ya kama tun ƙarshen damina. Jaki ya ji tarin daga kan hanya, ya ja amalanke har ƙofar gidansu.

"Baba Toro, hau mu je. Wannan tarin ba na zama a gida ba ne."

Agwagwa ta sunkuyar da kai. "Bana ba mu kai maka dami ba, Jaki. Da wane ido za mu hau?"

"Iya, ban zo karɓar dami ba. Mara lafiya na zo ɗauka."

Toro ya ɗaga fiffike da ƙyar. "Bar shi, ɗana. Kurege ya ce in na ƙara kwalba ɗaya shi ke nan."

Bai shanye kwalbar ba ya rasu. Da Kurege ya zo ta'aziyya, sai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya jiƙansa. Marigayi bai sha da yawa ba ne. Kurɓi kurɓi yake yi."

Daga nan ba wanda ya ƙara kiran Jaki. Ciyawa ta fito ƙarƙashin ƙafafun amalanke, ɗan abincin da ya samu kuma ya kusa ƙarewa. Sai ya gaya wa Bushiya zai tafi birni ɗiban yashi, ranar kasuwa mai zuwa.

"In ka tafi wa zai kai mu tudu?"

"Gwaggo, wanda ba a nema, tafiyarsa ba ta rage komai."

Shi kuwa Kurege ya sa an sussuke dawarsa, ya ɗura a buhuna tare da gyaɗar. Niyyarsa ya ɓoye har bazara, lokacin da hatsi ke tsada. Don kada ƙwari su taɓa ko ƙwaya ɗaya, ya zuba hodar kashe ƙwari ninkin abin da ake zubawa.

Ranar da Jaki zai tafi, da safe, Kurege ya shiga duba dukiyarsa. Ƙamshin gyaɗa ya buge shi. Ya ɗauki ɗaya, ya hure hodar da baki, ya ci. Ya ƙara. Ya ce ai tasa ce, wa zai hana shi? Bai tashi daga bakin buhun ba sai da cikinsa ya cika.

Kafin kasuwa ta cika, cikin ya fara murɗawa. Yawu ya riƙa zuba daga bakinsa, idanunsa suka soma ganin abu bibbiyu. Ya ja jiki zuwa tabarma yana nishi. Ya san abin da ya ci, ya kuma san inda maganinsa yake: can kan tudu, wurin Malama Belbela.

A Tudun Ɗorawa akwai al'ada mai ƙarfi. In aka ji wani ya kwanta, kowa zai bar abin da yake yi ya je dubiya, kuma ba a zuwa hannu sake. Kowa zai kawo mafi kyawun abin da yake da shi na taimako. Mara lafiya kuma ba ya mayar da hannun mai dubiya baya, yin haka cin mutunci ne babba.

Labari ya bazu a kasuwa. Nan da nan ɗakin Kurege ya cika. Kuma kowa ya shigo, da kwalbar Sha-ka-miƙe a hannunsa.

"Sannu, Malam Kurege! Ya jiki?" in ji Bunsuru. "Kwantar da hankalinka, ga shi na kawo. Buɗe baki."

Kurege ya kawar da kai. "Ku kira mini Jaki."

"Jaki? Ya girgiza ka a amalanke ciwo ya ƙaru? Allah ya kiyaye! Tinkiya, riƙe masa kai."

Suka ɗura masa. Ɗacin maɗaci ya gauraye da murɗar ciki, ya yi ƙara.

"Kun ji ko? Ya fara aiki," in ji Zabo. "Ga nawa, a ƙara masa."

"Guba na ci! Hodar ƙwari ce!"

"Alhamdu lillahi," in ji Bunsuru, "abin ya zo da sauƙi. Ai guba ita ce ƙaramar aikinsa. Da bakinka ka faɗa."

Bushiya tana tsaye a bakin ƙofa, ta naɗe hannuwa. Ta ce, "Ku ba shi da kyau. Kada a yi kurɓi kurɓi."

Ana cikin haka sai aka buɗa hanya. Agwagwa ce ta shigo a hankali, tana cikin takaba, da rabin kwalba a ƙarƙashin fiffikenta. Ta durƙusa kusa da tabarma.

"Ɗana, ba ni da komai sai wannan. Ragowar ta marigayi ce. Kullum ina kallonta ina cewa da na matsa masa ya shanye, da yanzu yana nan. Kai kada ka yi irin kuskurensa. Shanye duka."

Ba gatse take yi ba. Da zuciya ɗaya ta kawo.

Kurege ya dubi kwalbar, ya dubi tsohuwar. Sai hawaye suka zubo masa.

"Iya, ajiye. Ba laifinki ba ne, ba na Baba Toro ba ne. Ko tulu guda ya sha, ba zai warke ba. Zoɓo ne da kanwa da maɗaci. Ni na dafa a bayan shago. Ba ya maganin komai. Don Allah ku kira Jaki, mutuwa zan yi."

Bunsuru ya saki kwalbarsa ta faɗi. "To murata fa?"

"Murarka gajiya ta yi da kai ta tafi," in ji Bushiya.

Zabo ya ce, "Ai Jaki ya ɗaure kayansa tun da safe. Yanzu ya yi nisa. Mu muka kore shi."

"Bai yi nisa ba," in ji Bushiya. "Da na ji an ce wannan ya kwanta, na zuba wa Jaki ƙosan sallama cike da kwano, na ce kada ya motsa sai ya cinye. Kun san shi da cin abinci a hankali."

Zabo ya ruga. Ba a jima ba aka ji ƙarar amalanke a ƙofa. Jaki ya sauke kayan tafiyarsa a ƙasa, ya leƙo.

Bunsuru ya tare shi. "Kada ka ɗauke shi! Wannan ne ya cinye daminka, ya sa aka rasa Baba Toro. Bar shi ya sha abinsa!"

Wasu suka ce haka ne. Sai Agwagwa ta miƙe.

"A ɗauke shi. Na ga yadda ake mutuwa a gida alhali amalanke na ƙofa. Ba na so in sake gani."

Jaki ya ce, "Ku shimfiɗa tabarma a ciki. Ku kawo buhun hodar da ya ci, Malama za ta so ta gani."

Ba a taɓa ganin Jaki ya yi sauri irin na wannan rana ba. A fadama ƙafar amalanke ta kafe cikin laka, Bunsuru da ke biye yana ƙunƙuni shi ne ya sa ƙaho ya tura. Malama Belbela ta dubi buhun hodar, ta yi abin da ya kamata, ta ce da sun ƙara jinkiri kaɗan da gawa suka kawo mata.

Kurege ya daɗe a kwance kafin ya dawo, ya rame har wutsiyarsa ta fi shi kauri. Bai jira an ce masa komai ba. Dawar da ya tara, aka wanke ta, aka shanya kamar yadda Malama Belbela ta koya musu, aka kai gindin tsamiya. Ya kwashe kwalaben ya zubar da ruwan a bayan gari, ya wanke su, ya ba Bushiya ta riƙa zuba man gyaɗa.

"Ka wanke da kyau dai ko?" ta ce. "Kada ƙosaina ya fara maganin basir."

Shagon ya koma sayar da gishiri da ashana da sabulu. In wani ya zo yana cewa kansa na ciwo ko cikinsa, Kurege yakan nuna masa gindin tsamiya ya ce, "Ga hanya can." Kowace Laraba kuma yakan kai wa Agwagwa gishiri da sabulu, ya share mata tsakar gida. Ba ta taɓa ce masa ta yafe ba, ba ta kuma taɓa korarsa ba. Takan dai ajiye masa ruwan sha a inuwa.

Darasin wannan labari shi ne, kada ka sayar wa maƙwabcinka abin da kai ba za ka yarda a ba ka ba ranar da ka kwanta, domin a ƙaramin gari abin da ka zuba a kwalbar wani, wata rana shi za a kawo maka dubiya. Kuma maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta, a yi masa tambaya kafin a bar hanyar asibiti ta yi ciyawa. Mutanen Tudun Ɗorawa sun gane haka, kuma garinsu ya zauna lafiya. Jaki ya zauna, damin Jaki bai sake yankewa ba. Bushiya tana nan bakin kaskonta tana faɗa da kowa. Bunsuru yana nan, Zabo da Tinkiya suna nan. Kurege yana nan a shagonsa, Agwagwa ma tana nan. Tsohon Toro ne kaɗai babu.