Bushiya da Akushin Ubanta

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta. Haka ake amsawa, ba a yi mini shiru. Ke Ladiyo, ajiye tsinken nan ki matso.

Wani tsoho ne a wani gari, yana da 'ya'ya mata biyu, babbar Beguwa, ƙaramar Bushiya. Kada wanda ya tambaye ni yadda aka yi suka zama uba ɗaya. Ku dubi ƙayar bayansu, za ku san jini ɗaya ne.

Wata shekara aka yi fari. Sai tsohon ya je wurin Gafiya, mai hatsin garin, ya ci bashin gero cike da randa, ya ciyar da gidansa. Randar Gafiya kuwa ba irin tamu ta ruwa ba ce, jaki zai kwanta a ciki ya juya. Bai kai ga biya ba sai Allah ya karɓi abinsa.

Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani. Kafin a ɗauka sai Liman Hankaka ya tsaya a bakin zaure, ya yi tambayar da ake yi. Ya ce, "Akwai mai bin marigayi bashi?"

Sai Gafiya ta share hawaye daga cikin mata, ta ce, "Ni kam ban so faɗa ba, Malam. Randa guda ce ta gero. Gonarsa ya ba ni jingina."

Liman ya ce, "To, ba a kai mutum makwancinsa da igiya a wuya. Wa zai ɗauke masa?"

Beguwa ta dubi matan da suka cika gidan, ta ga duk ita suke kallo. Sai ta girgiza ƙayarta ta ce, "Na ɗauka. Ubana ba zai kwana da bashi ba ina raye." Mata suka yi ta sa mata albarka. Bushiya kuwa tana can wajen murhu tana wanke akushin da tsohon yake cin tuwo.

Da aka share makoki sai Gafiya ta zo da sharaɗinta. Ta ce, "Ni mai sauƙi ce. Ku ci gaba da noman gonarku har kaka uku. A kaka ta uku ku cika mini randata a yini ɗaya, gaban Liman. In ba ta cika ba, gona ta zama tawa. Amma ba na karɓar biya da ludayi, yau kaɗan gobe kaɗan."

Ta san abin da take yi. Ta san hatsi ba ya zama a gidan da yunwa take kwana.

Aka raba gona biyu, Beguwa ta ɗauki gabas, Bushiya ta ɗauki yamma. Bushiya tana da 'ya'ya uku, mijinta kuwa ya tafi cin rani bai dawo ba. Abin da rabin gonar ke bayarwa da ƙyar yake kai su wata kakar. Ta je wurin yayarta ta ce, "Yaya, yaya za mu yi da randar nan?"

Beguwa ta ce, "Kaka uku fa aka ce, ba gobe ba. Ke kin cika gajen haƙuri. Shekara ɗaya mai albarka ta isa."

Bushiya ta koma gida. Da safe ta ɗebo awon yini kamar kullum, ta jera kwanuka huɗu, nata da na yara. Sai ta ɗauko akushin ubanta ta sa a gaba. Awon da take rabawa huɗu, ta raba shi biyar. Ta fara zuba wa akushi.

Babban ɗanta ya ce, "Inna, ai Kaka ya rasu."

Ta ce, "Ya rasu, amma bai gama cin abincinsa ba. Shi ne babba a gidan nan, shi ake fara zuba wa."

Na akushi ba a surfa shi, ba a daka shi. Ta kai shi ɗakin tsohon ta juye a tulu mai ƙaramin baki, wanda hannu zai shiga a buɗe amma ba zai fito a dunƙule ba. In tulu ya cika sai ta barbaɗa toka saboda ƙwari, ta liƙe bakin da yumɓu, ta jawo wani. Tuwon gidan ya ragu. Sai ta ƙara da ganye. Ta yanko tafasa, ta shanya rama, ta tara kuka. Dusar da wasu ke ba awaki, ita takan tankaɗe ta sau biyu. Ƙanzon tukunya ba ya zuwa juji, jiƙa shi ake yi a karya da shi.

Ana nan sai Sallah ta matso. Gafiya ta zo da turmin atamfa a kafaɗa, ta yi sallama. Ta ce, "'Yar uwa, na ga yaranki da tsumma, raina ya ɓaci. Karɓi wannan. Ba yanzu za ki biya ba, sai a ɗora a kan randa."

Bushiya ta dubi atamfar. Mai kyau ce, ba ƙarya. Ta ji hannunta yana so ya miƙe da kansa. Sai ta janye shi ta cusa a ƙirji, ta janye ɗayan, ta sunkuyar da kai, ta dunƙule. Daga ciki ta ce, "Na gode. Ba ni da hannun karɓa."

Gafiya ta kewaya ta, ba ta ga inda za ta saƙala atamfar ba sai ƙaya. Sai ta wuce gidan Beguwa. Beguwa ta karɓa hannu biyu. Gafiya ta ce, "Sai ki ba ni ɗan abin tunawa." Beguwa ta tsige ƙaya guda daga bayanta ta ba ta. Ran Sallah Beguwa ta yi kwalliya har ana leƙe. Yaran Bushiya kuwa suka fita da tsofaffin riguna, wankakku, an rina su da baba.

Aka yi kaka ɗaya. Sai ƙawar Bushiya ta tashi aurar da 'ya, kuma kun san yadda biki yake, wadda ta kawo miki ƙwarya ɗaya ran naki, biyu za ki mayar mata. Gafiya ta ji labari, sai ga ta da kwanukan sha masu fure. Ta ce, "Kada ki ji kunya cikin mata. Karɓi, a ɗora a kan randa."

Wannan ya fi na farko zafi, don kunya ta fi tsumma ciwo. Amma Bushiya ta sake dunƙulewa. Ta ce, "Ba ni da hannun karɓa."

Ta tafi gidan biki tun da hantsi, ta ce wa ƙawarta, "Kin san abin da ke kaina. Ba ni da ƙwarya biyu. Ga ni da taɓarya." Ita ta yi surfe, ita ta yi daka, ita ta wanke tukwane har aka watse. Wasu mata suka yi ta zunɗe. Ƙawar ba ta ji daɗi sosai ba, ba zan ɓoye muku ba, amma ba ta yanke zumunci ba. Beguwa kuwa ta karɓi kwanukan Gafiya masu fure ta kai, aka yi mata guɗa, ƙayarta ta ƙara raguwa.

Magana ta bazu a gari cewa Bushiya ta taɓu, tana hana 'ya'yanta tuwo tana ba mamaci. Da Gafiya ta ji sai ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta fara zuwa gonar da yamma tana auna ta da ido, tana cewa nan za ta sa gyaɗa, can wake.

Damina ta uku ta zo da marka. Rumbuna suka yi ƙasa, gero a gona bai nuna ba. Wannan ne lokacin da gida ke gane mai shi. Yaran Bushiya suka rame. Sai Gafiya ta zo, wannan karon ba atamfa, ba kwano mai fure. Tuwo ta kawo, da zafinsa, da miyar kuɓewa da man shanu. Ta ajiye a tsakar gida ta buɗe faifai.

Yara suka dubi tuwo, suka dubi uwarsu. Autar ta ce, "Inna, in ba za a karɓa ba, a fasa wa Kaka tulu ɗaya mana. Ai ba zai sani ba."

Bushiya ta dubi akushin ubanta. Sannan ta ce, "Shi ba zai sani ba. Gona za ta sani." Ta jawo su ukun jikinta, ta dunƙule da su duka. Gafiya ta jira har tuwon ya huce, ta ɗauki abinta. Ranar kwaɗon tafasa suka ci, Bushiya ta raba nata kason ga yara ta sha ruwa. Amma sai da akushi ya sami nasa, ko da yake abin da aka zuba bai rufe gindinsa ba.

Washegari sai ga Beguwa a ƙofa, bayanta duk gurbi. Ta riga ta sayar wa Gafiya da geron gonarta tun yana tsaye. Ta ce, "Ƙanwata, an ce kina da tuluna."

Bushiya ta ce, "Ba nawa ba ne, Yaya. Na wanda kika ce kin ɗauke wa ne."

Beguwa ta sunkuyar da kai. Bushiya ta zuba mata kwaɗo, ta bari ta cinye, sannan ta miƙa mata fartanya. Ta ce, "Gidan nan ba a korar ɗan uwa, ba a kuma ciyar da mai zaman banza."

Kaka ta yi. Aka yanke gero. Beguwa, wadda a da ba ta fita sai da kwalliya, aka riƙa ganin ta a gonakin mutane bayan an kwashe, tana kala, tana tsintar zangarniyar da ta faɗi. Waɗanda suka yi mata guɗa a biki su ne suka fi kowa dariya. Ba ta ɗaga kai ba.

Ran biya aka taru a ƙofar Gafiya, Liman Hankaka yana zaune a kan buzu. Gafiya ta fito da fara'a, ta ce, "Ba sai kun wahala ba, na san halin da ake ciki." Ba ta rufe baki ba sai ga yara suna gangaro da tuluna. Aka fasa yumɓu, aka sheƙe toka, aka yi ta juyewa. Gero ya hau, ya hau, har ya taɓa bakin randa.

Gafiya ta leƙa ciki. Sai ta rungumi randar ta girgiza ta da ƙarfinta duka. Gero ya zauna, ya sauka kamar faɗin tafin hannu. Ta ce, "Malam, ka gani da idonka. Ba ta cika ba."

Bushiya ta kwance awon ranar daga gefen zaninta ta zuba. Da saura. Ba ta da ko ƙwaya kuma. Ta tsaya riƙe da akushi ba komai a ciki.

Sai Beguwa ta ratso mutane da ƙunshi a ka. Geron kala ne, ta sussuke shi da hannunta. Ta ce, "Ba ni akushin Baba." Ta cika shi ta juye, ta sake cikawa ta juye. A na uku gero ya yi tozo ya zubo ƙasa. Ta dubi Liman ta ce, a hankali wannan karon, "Malam, na ce na ɗauka. Ƙanwata ce ta ɗauka. Ni wannan kaɗai na iya."

Liman ya ce, "Randa ta cika. Gona ta masu ita ce. Allah ya ji ƙan tsoho."

Gafiya ta duƙa tana tsince wanda ya zube tana cusawa a kumatu. Liman ya ce, "Gafiya, tsira da na bakinki."

Ranar Bushiya ta buɗe sabon gero ta tuƙa tuwo mai yawa, ta zuba a akushin tsohon, su biyar suka sa hannu har suka bar saura. Da gari ya waye ta jera kwanuka, ta sake sa akushi a gaba.

Autar ta ce, "Inna, Kaka bai ƙoshi ba har yanzu?"

Ta ce, "Ya ƙoshi. Wannan na marka mai zuwa ne, don in Gafiya ta zo da tuwonta ta tarar muna wanke hannu."

Shi ya sa har yau in ka miƙa wa bushiya hannu sai ta dunƙule. Beguwa kuwa nata bashin na atamfa da kwanuka bai ƙare ba, duk inda ta bi a daji sai ka tsinci ƙayarta.

To kun ji. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, tsohon nan bai yi abin kunya ba da ya ci don ya ciyar. Amma in ya shigo gida, baki ne da shi. Ku zuba masa nasa tun da safe, in ba haka ba shi zai zaɓi abin da zai ci. Ke kuma Ladiyo, na ga ƙanzon da kika zubar ɗazu a bayan murhu. Gobe da shi za ki karya.

Ƙurunƙus kan gafiya.