Kafintan da Ya Ɗaura Bakin Igiya Ɗaya

Akwai wani mutum, kafinta, wanda ya gwanance wajen rufin kwano. Yakan yi tafiya a saman gini kamar yana tsakar gidansa, masu wucewa suna ɗaga kai suna yabonsa. Shi kuwa, a faɗi gaskiya, yabo yana yi masa daɗi.

Matarsa ce kaɗai ba ta yabon wannan tafiya. Tun da wani abokin aikinsa ya faɗo ya mutu, hankalinta bai kwanta ba. Sai ta je kasuwa ta sayo igiya mai kauri, ta miƙa masa, ta ce, "Baban Rifkatu, ka dubi yarinyar nan, ka yi mini alkawari ba za ka hau sama ba sai da igiya."

Ya ce, "Na yi alkawari."

Da farko yakan ɗaura baki ɗaya a ƙugunsa, ɗaya a babban katakon tsakiya. Amma igiyar ta dame shi. In ya matsa gaba, sai ya koma ya kwance, ya sake ɗaurawa, aiki yana jiransa. Saboda haka ya bar ta a ƙugu, ɗaya bakin kuwa ya jefa shi bayan rufin, inda ba mai gani. Duk wanda ya duba daga ƙasa yakan ce, "Ga mutum mai hankali." A hankali shi ma ya fara jin kamar a ɗaure yake.

Wata safiya ya hau wani dogon gini tun raɓa ba ta bushe a kan kwano ba. Ƙafarsa ta zame. Yana sulalewa, ya cafki igiyar da hannu biyu, ya ja da iyakar ƙarfinsa. Igiyar kuwa ta biyo shi.

Bai mutu ba, amma bayansa ya karye, ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba. Da aka kawo shi gida, igiyar tana nan a ƙugunsa. Ya dubi matarsa da kunya, ya ce, "Ai na ɗaura."

Ta ɗauki ɗaya bakin daga ƙasa, tana hawaye, ta ce, "A jikin me?"

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: igiyar nan bangaskiya ce. Da yawa daga cikinmu mun ɗaura ta a ƙugu. Muna da sunan baftisma, muna zuwa sujada, bakinmu ya iya waƙoƙi, kowa yana gani. Amma ɗaya bakin, wanda ya kamata a ɗaura ga Yesu Almasihu cikin addu'a da biyayya, mun kwance shi don yana hana mu zuwa inda muke so. Wannan abu yana ba ni tsoro, har a kan kaina.

Ku kuma masu hawa rufi a cikinmu, kada ku ce misali ne kawai. Ku ɗaura igiya a abu mai ƙarfi, ku ja ta ku gwada tun ƙafarku tana tsaye. Ranar zamewa ba wanda yake samun lokacin ɗauri.