Yadda Tsinke Ya Ci Tudu a Bayan Barmo

A zamanin da keke yake sabon shigowa, ana ce masa dokin ƙarfe, an yi wani maharbi Barmo, kututturen kuka, a kewaye ka a gaji. Ƙirjinsa kamar ƙyaure, cinyoyinsa kamar turame. Shi ya bi sawun gwanki kwana tara har ya gano idon ruwa a ƙwanƙolin wani tudu. A riƙe wannan da kyau, don masu ba da labari sun iya tsallake shi.

Mutanen Gidan Makau suka ce ai nasu ne. Da rigima ta ƙi ƙarewa, dattawa suka yanke a yi tseren keke, kowane ɓangare ya kawo mutum biyu, wanda ya fara tsoma hannu a ruwan, zuriyarsu ce da tudun. In mutanen Barmo suka faɗi, sai ƙaura.

Inna Tabawa, mai ɗorin karaya, wadda ta san ƙashin kowa, ta ce a haɗa Barmo da ƙanensa Tsinke. Barmo ya fusata. Wannan abin da ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa? Ta ce ƙirjin nan da yake rainawa zugazugin maƙera ne a ciki, kuma a fili iska ce abokiyar gaba, a tudu kuwa mutum da nauyinsa yake kokawa. Bai saurara ba. Sai ta sassauta murya.

"Ɗana, babba kamarka ya bi bayan wani? Ka shige gaba, kowa ya gan ka."

Wannan kam ya ji.

Aka saki tsere cikin iskar bazara. Gwanin Gidan Makau, wani gajere mai dunƙulallun ƙwauri, ya fita kamar kibiya, kafin mil biyu ya ƙone ƙurmus, na biyunsu ya ci gaba shi kaɗai yana dambe da iska har ƙarfinsa ya ƙare. Barmo na tsaga ta da ƙirji, mata na guɗa. Tsinke kuwa ya lafe a bayansa kamar kaska, ko gumi bai yi ba. An ce har gyangyaɗi ya yi.

Da suka iso gindin tudu, sai jikin Barmo ya tuna masa duk tuwon da ya taɓa ci. Keke ya cije, numfashi ya sarƙe. Tsinke ya zame ta gefensa.

"Yaya, sannu da aiki."

Ya haye kamar ƙadangare, ya tsoma hannu.

To, ku duba rashin kunya irin ta tarihi. Garin da aka kafa, Tudun Tsinke ake ce masa. Barmo ya yi shekara arba'in yana faɗa wa duk baƙon da ya tsaya shan ruwa cewa shi ya ɗauke iskar, ana ce masa haka ne, Baba.

Har yau in za a yi tseren shekara, ƙatti ake jerawa gaba, sirara a baya. Abin da ya ci sunan Barmo kuwa, wanda mu jikokinsa muke sharewa, falalen dutsen nan ne na gindin tudu, inda ya zauna yana haki.