Waɗanda Ba Su Ƙarasa Ba

Yalwa, ke nake wa wannan rubutu. Tun da jirgin ranar kasuwa ya kife da ku, maganar gada ta dawo bakin mutane. Kullum bayan la'asar ana taruwa a gindin tsamiyar mashigi, wannan ya ce a yi karo-karo, wancan ya ce ai aikin hukuma ne, masu fito su tashi su koma jiragensu. In an tambaye ni sai in ce ban sani ba. Kin san ban iya gardama ba. Labari kawai na iya, shi ma ke ce mai sauraro, kina tsinkar zogale kina cewa na cika ƙari. To ga wani.

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a wata ƙasa mai nisa da ake kira Kwarin Ɗinya, an yi wani sarki mai suna Jatau ɗan Nomau, mai rumbuna cike da hatsi da garken shanun da ido ba ya ganin ƙarshensa, amma duk da wannan daula ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Dalili kuwa shi ne wani gulbi da ya raba ƙasarsa biyu, wanda ake kira Gulbin Shuni saboda duhun ruwansa. Ba daminar da za ta wuce bai ci mutane ba, kuma wanda ya ci ba ya mayar da gawarsa. Cikin waɗanda ya ci har da matar Sarki, uwar 'yarsa tilo, Gimbiya Hakama.

Mutanen ƙasar suna da wata al'ada da suka gada. Wanda gulbi ya ɗauke, ba a cewa ya rasu. Sai a ce bai ƙarasa ba, kamar dai yana hanya. Ba a yi masa salla, ba a zaman makoki, ba a raba kayansa. Wanda ya kuskura ya faɗi ɗaya kalmar, ana ganinsa mai mugun baki ne.

A mashigin birnin akwai wani saurayi mai fito, ana ce masa Tunau, mutum mara yawan magana. Shekara bakwai ke nan da ƙanwarsa Kyauta ta shiga jirginsa da ƙwaryar fura a ka, igiyar ruwa ta juya jirgin, ya fito shi kaɗai. Tun daga ranar yake ɓoye wani abu. Kullum da tsakar rana, lokacin da ruwa kan kwanta kamar an shimfiɗa baƙin zane, in ya kai tsakiyar gulbi sai ya ji muryarta daga ƙasa tana tambaya, "Yaya, mun kusa?" Shi kuwa sai ya ɗaga filafilinsa, ya sunkuya ya ce, "Mun kusa." Wannan tambaya ita ce abin da ya rage masa a duniya.

Sarki Jatau ya yi umarni a gina gada. Aka aza wa kowane gida damin gero, kowane garke sa ɗaya, dogarai suka bi ƙofa ƙofa suna karɓa. Magina suka kafa ginshiƙai na dutse, suka shimfiɗa itacen giginya a kai. Ranar da za a buɗe ta, da tsakar rana, ba iska ba hadari, gadar ta durƙusa cikin ruwa kamar an ja ta daga ƙasa. Aka sake, ta sake. Sau uku ana haka.

Sai ƙasa ta ɗauki surutu. Fatake suka ce a sake ginawa, ko nawa za a ci. Manoma suka ce dama su fatake za su faɗi haka, tunda geron wasu ne ke nutsewa, su jakunansu ne za su taka. Masu fito suka ce in gada ta tsaya sai su ci filafilinsu da miya. Mutanen ƙetare suka ce su fa ba su gaji da gulbi ba, shi ne ke rage musu ziyarar dogarai. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce a bainar jama'a, gada uku ta ciyar da geronta, ko ɗaya ba ta ce mata sannu ba. Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Tunau yana jin su duka. A ransa kuwa, duk faɗuwar gada sai ya ji sanyi, domin ya san ranar da aka daina fito, ranar zai daina jin Kyauta.

Da abin ya ishi Sarki, sai ya fita da fadawansa zuwa bakin gulbi, ya tsaya ya kira mai wurin. Ruwa ya dare biyu, wani tsohon aljani ya fito, gemunsa kore kamar gansakuka, idanunsa farare kamar alli, sunansa Mai Zurfi. Sarki ya tuhume shi da rushe aikin talakawa.

Aljanin ya ce, "Ya kai Jatau ɗan Nomau, ban taɓa gadarka da yatsa ba. Ga ƙwarya. Ka cika ta da ruwan gulbin nan, kowane baligi na ƙasarka ya kawo dutse ɗaya da hannunsa ya saka. Dutsen da aka bayar da yardar rai zai taso kan ruwa. Wanda aka bayar rai bai so ba zai nutse. Ka yi gini da masu tasowa kaɗai, amma ka sani, in dutse ɗaya ya rage a gindin ƙwarya, gada ba za ta tsaya ba."

Sarki ya soke karɓar gero da shanu a ranar. Ya ɗora wa Gimbiya Hakama riƙon ƙwarya, domin ita ce mai haƙurin sauraro. Ta shimfiɗa tabarma a mashigi, ta zauna kwana arba'in. Duk wanda dutsensa ya nutse, sai ta tambaye shi abin da ke ransa, ta kai wa mahaifinta. Aka yarda fatake su ciyar da magina tunda su ne masu yawan ketarawa. Aka yarda masu fito su zama masu tsaron gada da gyaranta, kamun kifi kuma ya zama nasu. Aka yi wa mutanen ƙetare alkawarin dogari ba zai hau gada da sanda a hannu ba. Tsohuwa mai daddawa ta ce ita rumfa take so a bakin gada, aka ba ta, dutsenta ya taso yana rawa kamar ɗan kwaɗo.

Amma akwai duwatsun da suka ƙi. Masu su sun rantse suna son gada, ba su da wani ƙorafi, amma da sun saka sai ka ji ƙwal a gindin ƙwarya. Na Tunau ya fi kowanne saurin nutsewa, har ƙwaryar ta kan girgiza. Mutane suka fara nuna shi da baki. Wani bafatake ya ce masa, "Malam mai fito, dutse ka kawo ko zuciyarka?" Samari suka riƙa kiransa Nutsau. Wasu suka ce a kore shi daga ƙasar a huta.

Gimbiya ba ta yarda ba. Ta lura cewa duk masu dutse mai nutsewa, akwai wani nasu da bai ƙarasa ba. Ta kuma san abin da ba ta faɗa wa kowa ba, cewa nata dutsen ma ya nutse, haka na Sarki. Sai ta sa aka kira Tunau, ta ce ya ketarar da ita da tsakar rana, ita kaɗai da ƙwaryarta.

Da suka kai tsakiya, ruwa ya kwanta, tsuntsaye suka yi tsit. Muryar ta taso, siririya kamar ta mai jin barci. "Yaya, mun kusa?" Tunau ya buɗe baki zai amsa kamar kullum, sai ya ga Gimbiya ta dafe bakinta, hawaye na zuba. Ita ma ta ji muryar mahaifiyarta. A nan Mai Zurfi ya dafa gefen jirgin, ya ce su leƙa cikin ƙwarya.

Suka leƙa, sai ga gindin gulbi a fili. Ga mutane tsaye a cikin yashi, ɗaruruwa, maza da mata da yara, kowa da kayan da ya shiga jirgi da su, wannan da damin rake, waccan da goyo, dukkansu sun fuskanci ɗaya gaɓar suna jira. Ba su tsufa ba, ba su zauna ba. Ga Kyauta a cikinsu, ƙwaryar fura a kanta, tana ɗaga wuya.

Mai Zurfi ya ce, "Baƙina ke nan, kuma ba ni na riƙe su ba. Ku kuka riƙe su da bakinku. Kun ce ba su ƙarasa ba, su kuma suka gaskata ku. Duk gadar da kuka shimfiɗa, sai su ɗaga hannu su kama don su hau, nauyin jiransu ya janyo ta. Ba mai sakinsu sai wanda ya ɗaure su. Amma kai mai fito, ka ji da kyau, ranar da ka faɗa mata gaskiya, ba za ka ƙara jin muryarta ba har ka koma ga Mahaliccinka."

Tunau ya tuƙa jirgi ya dawo. Kwana uku yana fita da tsakar rana, kwana uku tana tambaya, yana cewa mun kusa, kalmar tana masa ɗaci kamar maɗaci. Ya tuna yadda take ƙin tsayuwa, ko a layin rijiya sai ta nemi wurin zama. Shekara bakwai ya bar ta a tsaye don kada shi ya zauna shi kaɗai.

A rana ta huɗu ya ɗauki dutsensa, ya zo mashigi inda jama'a suka taru, Sarki ma yana nan ƙarƙashin laima. Bai gaida kowa ba sai Sarki. Ya shiga ruwa har gwiwa, ya jira rana ta take. Wannan karon kowa ya ji muryar, har masu zolayarsa suka ja da baya.

"Yaya, mun kusa?"

Ya ce, "Kyauta, sauke ƙwaryar. Ba mu kusa ba, ba za mu kai tare ba. Kin rasu, ƙanwata. Tun shekara bakwai kin rasu, ni ne na ɓoye miki. Allah ya jiƙanki."

Mata suka toshe kunnuwa, wani dattijo ya ɗaga sanda zai maka masa. Sai aka ji muryar ta ce, a hankali, kamar wadda aka sauke wa kaya, "To, Yaya." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Tunau ya saka dutsensa a ƙwarya, dutsen ya taso.

Gimbiya ce ta biyo baya, ta kira sunan mahaifiyarta ta faɗi kalmar. Sannan mutane suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu da rarrafe saboda kuka, har la'asar ta yi sanyi. Dutse ɗaya ya rage a gindin ƙwarya, na Sarki. Sarki Jatau ya miƙe, ya cire alkyabbarsa, ya ajiye sandar mulki a kan yashi, ya shiga ruwa kamar kowane talaka. Ya daɗe a tsaye. Da ya kira sunan matarsa ya faɗi kalmar, muryarsa ba ta fi ta yaro ƙarfi ba, dutsensa kuwa ya taso. Liman ya tsayar da sahu a bakin gulbi, aka yi musu salla gaba ɗaya, ƙasar ta zauna makokin da ta shekara ɗari tana gudu.

Da rani ya shigo aka gina gada da duwatsun nan, kowa ya sa hannu ba tare da dogari ya kira shi ba. Ranar buɗewa, Tunau ya roƙi Sarki kada mai rai ya taka sai bayan azahar. Jama'a suka tsaya a gaɓa biyu suna kallo. Da rana ta take, sai sawun ƙafafu jiƙaƙƙu suka fara bayyana a kan busasshen dutse, manya da ƙanana, ba a ganin masu su, suna tafiya zuwa ƙetare. Wani ɗan ƙaramin sawu ya tsaya daidai inda Tunau yake, ya ɗan jima, sannan ya wuce. Rana ta shanye su duka. Gada kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Bayan shekara, Gimbiya Hakama da kanta ta shaida wa mahaifinta wanda take so, aka ɗaura aurenta da Tunau, aka naɗa shi Sarkin Gada. Sun rayu cikin aminci, ƙasa ta yi albarka. Sai dai an ce har ya tsufa, in rana ta take yakan je tsakiyar gada ya jingina, ya saurara. Ba ya jin komai sai ruwa, kuma yakan dawo gida ya ci abincinsa.

Yalwa, a gida har yanzu ana cewa ba a gan ki ba. Inna tana share ɗakinki, takalminki na nan a bakin ƙofa. Jiya da rana na je mashigi lokacin da ba kowa, na shiga ruwa har gwiwa, na kira sunanki, na faɗi kalmar. Ban ji kin amsa ba. Gobe in an zauna gindin tsamiya zan ce a gina, ko da hannuna ne zan ɗauko dutse. Amma abin da na faɗa wa ruwa, ban faɗa wa kowa ba tukuna. Ko Inna.