Zoben Da Ya Ƙoshi

Akwai wata injiniya mai suna Keziya, wadda aka ɗora wa aikin tsare wata sabuwar tashar wutar lantarki. A tashar akwai babban taransifoma, ga kuma wani ɗan zoben ƙarfe da ke kewaye da wayar da wuta ke bi. Aikin zoben shi ne ya auna ƙarfin wutar da ke wucewa, ya kai labari ga na'urar tsaro. In labarin ya ce wuta ta wuce kima, sai na'urar ta yanke ta kafin wani abu ya ƙone. Na'urar nan ba ta da ido. Abin da zoben ya faɗa mata, shi kaɗai ta sani.

Kafin a kunna tashar, Keziya ta gina kwatankwacinta a cikin kwamfuta, domin ta jarraba kowace irin masifa ba tare da kowa ya ji ciwo ba. Manhajar da take aiki da ita tana da wani gurbi inda ake rubuta iyakar ƙarfen zoben. Keziya tana sauri, ta bar shi fayau. Ita kuwa manhaja ba ta gardama, sai ta ɗauka zoben ba shi da iyaka. Keziya ta haɗa waya da waya, ta saki tsawa, ta kayar da itace a kan layi, kowane karo na'urar ta yanke wuta a kan kari. Har ta ɗauko biro za ta sa hannu a takardar amincewa da tsarin.

Sai ga Baba Irimiya, tsohon ma'aikacin da shi da mutanensa za su riƙa aiki a gindin taransifoman. Bai iya kwamfuta ba, bai kuma ɓoye ba. Ya leƙa allon, ya ga zanen layin da ke nuna awon zoben ya miƙe sak yana ta hawa.

Ya ce, "'Yata, a ina kika samo wannan ƙarfen? Shekara talatin ina taɓa ƙarfe, ban ga wanda ba ya ƙoshi ba."

Maganar ta ɗan sosa mata rai, amma ta ajiye biron. Da safe suka ɗauki zoben na gaske zuwa ɗakin gwaji. Suna ƙara masa wuta kaɗan-kaɗan, tana rubutawa. Layin ya hau, ya hau, can sai ya lanƙwashe kamar gwiwa, ya kwanta. Ƙarfen ya ɗauki maganaɗisu iyakar cikinsa, ko an ƙara masa ba ya karɓa.

Ta koma kan kwamfuta, ta cika gurbin nan da lambobin, ta sāke haɗa waya da waya. Wuta ta taso ninki talatin. Zoben ya fara ba da labari daidai, sai labarin ya guntule, ya yi ƙasa. Wuta tana ambaliya, zobe yana cewa kaɗan ce. Na'urar tsaro ta yi ta jira. A kan allo taransifoman ya kama wuta, daidai wurin da Baba Irimiya zai riƙa tsayawa kowace rana.

Keziya ta dafe baki. Tsoro ya kama ta, da mamaki mai girma: ashe sa'ad da masifa ta fi tsanani, a nan ne muryar zoben ta fi ƙanƙancewa. Ta ce a hankali, "Baba, da na sa hannu fa."

Ya ce, "Ai ba ki sa ba. Mu gyara."

Suka sa zobe mai kauri. Ta kuma koya wa na'urar cewa in labari ya guntule farat ɗaya, kada ta ɗauka lafiya ce. Da damina ta yi tsaka, wata ranar Talata da hantsi, iska ta kayar da itace a kan layi. Baba Irimiya yana gindin taransifoma. Ƙas kawai ya ji, wuta ta yanke. Ya cire hularsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: zoben nan zuciyar ɗan Adam ce. Tana da iyaka, Wanda ya ƙera ta kuwa ya san iyakar, har wurin da take lanƙwashewa. Abin al'ajabi ne, Allah Mai Iko Dukka yana jin shirun mutum kamar kuka. Mu ne muke yin kuskuren Keziya, muna lissafa 'yan'uwanmu kamar ƙarfen da ba ya ƙoshi. Mai ƙaramar damuwa yakan cika mana kunne da ita. Wanda kaya suka fi ƙarfinsa kuwa, sai ya ce "lafiya lau" ya sunkuyar da kai, mu ma mu ce madalla mu wuce. Wannan abu yana ba ni kunya, domin ni ma na yi shi.

Yau da safe a ƙofar majami'a wani ya amsa gaisuwarku a guntule, alhali da can mai hira ne. Kun san shi. Kada ku tafi gida sai kun koma kun sāke tambayarsa, ku kuma zauna ku jira amsa.