Hannun Gwaggo Yalwa

An ce wai a wani gari an yi wata ungozoma, Gwaggo Yalwa, wadda kusan duk mai cibiya a garin ita ta yanke masa. Ba ta taɓa cewa a ba ta ko sabulu ba. To shi alheri bashi ne, ko mai shi bai zo biɗa ba. Da tsufa ya kwantar da ita, sai matan gari suka ce a yi anko a je a gode mata tun tana gani da idonta.

Nan fa aka rabu biyu. Hansai ta ce yadi mai santsi, a kai birni a buga hoton Gwaggo da fenti. Kuluwa ta ce sam, shadda, a rubuta sunanta da zare. Ana ta ja, damina ta wuce, Gwaggo kuwa kullum jiki sai ƙara baya yake. Sai aka kai magana gaban Mantau, sarkin marina.

Ya saurare su tsaf, sannan ya ce, "Hansai, in kin ɗaura zanen nan, da me za ki zauna?"

Ta ce, "Kai Baba, da abin da kowa ke zama mana!" Mata suka fashe da dariya.

Ya ce, "A kan fuskar Gwaggo ke nan. Ke Kuluwa da kike dariya, zani in ya tsufa ina yake zuwa?"

Ta ce, "Tsumma, ko a shimfiɗa wa jariri."

"Sunanta ke nan a cikin fitsari."

Sai Hansai ta ce, "To Baba, mu fasa?"

Ya ce, "Wa ya ce ku fasa? Ranar da kuke durƙushe kuna salati, wacce a cikinku ta kalli fuskarta? Hannunta kuka sani. Shi kuwa hannun nan bai taɓa ƙyamar jini ko kashin jariri ba. A zauna a kansa, tallafi ya yi. A yi goyo da shi, aikinsa ya ci gaba. Ku sayo farin yadi na auduga mai laushi, sauran ku bar mini."

Aka je aka ɗora tafin Gwaggo a kan fallen kwano, aka zana, aka yanke siffar hannun daga jikin fallen. Mantau ya riƙa ɗora fallen a kan yadi yana shafa kullun rogo ta inda aka yanke don kada rini ya kama wurin, sannan ya tsoma a ruwan baba. Da aka wanke, sai ga fararen hannuwa ko'ina a cikin shuɗi.

Ranar Juma'a mata suka cika mata tsakar gida, masu goyo da goyonsu. Aka jingina ta da bango. Ta daɗe tana kallon bayan Kuluwa, inda hannunta ya tallafe jariri, sai ta ce, "Ke, gyara masa wuya." Sannan ta sa haɓar zani ta share ido, ta ce, "Kun biya, 'ya'yan nan. Har da gyara."

Ba ta ga wata damina ba, Allah ya jiƙanta. Shi ya sa nake gaya muku, godiya kamar rini ce: a yi ta tun da rana, kuma a bari ta shiga zare, don wadda ta tsaya a sama wanki ɗaya ke fitar da ita.